Yadda Muka Dakatar da Tsohon Magini

Ƙungiyarmu ta aikin sa kai tana zama ne ranar Lahadi bayan La'asar, mako biyu-biyu, a wani aji na makarantar firamare a Gwallaga. Hedimasta ya ba mu aron ajin bisa sharaɗin mu mayar da bencina yadda muka same su. Bencinan na yara ne. Duk wanda ya leƙo ta taga zai ga magidanta, wasu da furfura, sun takure, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa, suna muhawara a kan wace kwata za a fara yashewa kafin damina.

Aikinmu ke nan: yashe magudanan ruwa, share maƙabarta, da gyara wa tsofaffi da marasa ƙarfi ɗakunan da suka lalace. Yawancinmu masu sana'ar hannu ne da 'yan kasuwa. Ni kaɗai ne ma'aikacin gidan rediyo, kuma saboda haka aka miƙa mini ƙararrawa tun zamana na farko. Shugabanmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi a Kasuwar Muda Lawal, ya ce mutumin da ya saba a ɗaga masa yatsa ya rufe labarai a kan lokaci, shi ya fi kowa sanin tsawon minti.

Aikin mai ƙararrawa biyu ne. Ina tsayar da mai magana idan lokacinsa ya cika. Ina kuma kaɗa ƙararrawa duk sa'ad da wani ya katse maganar wani ba da izinin shugaba ba. Tsarin mulkinmu ya ce wanda ya katse magana sau uku a zama ɗaya, za a dakatar da shi wata guda, kuma a cikin watan nan shi ba ɗan ƙungiya ba ne: ba ya zama, ba ya magana, ba ya jefa ƙuri'a.

Ba a taɓa dakatar da kowa ba. Mutum ɗaya ne ma yake kusantar hukuncin, kuma shi ne ya tsara dokar.

Tsohon magini ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Kowa Baba yake ce masa. Ya gina gidaje da yawa a unguwar kafin hannunsa ya fara rawa, kuma ko bayan ya ajiye cokalin gini, idonsa bai daina aiki ba. Ba ya iya jin maganar da ba daidai ba ya yi shiru. A kowane zama sai ya katse wani sau biyu. Na farko yakan zo da wuri, yawanci a kan rahoton sakatare. Na biyu yakan adana shi kamar goron ƙarshe a aljihu, sai babbar muhawara ta zo. Da zarar na kaɗa na biyu, sai ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya naɗe hannu. Daga nan ba za ka ƙara jin muryarsa ba sai ya ɗaga hannu an ba shi izini. Shekara da shekaru haka muke.

Akwai wata doka da Baba ya fi riƙewa fiye da wannan. Ita ce wadda ta ce ƙungiya ba ta yi wa ɗanta aiki, ba ta yi wa wanda ya haɗa jini da shi, ba ta yi wa surukinsa. Ya sha ba mu labarin wata ƙungiya da aka taɓa yi a unguwar tun yana saurayi. Ta fara da kyau, sannan a hankali kowa ya riƙa jan aikin gayya zuwa gidan surukansa, har mutanen unguwa suka daina amsa sallamarta. Ya ce tamu ba za ta mutu irin wannan mutuwar ba.

A cikin gari irin namu, inda idan ka bi diddigi kowa surukin wani ne, dokar ta hana mu ayyuka da dama. Har surukar shugaba, tsohuwa mai larurar ido, an taɓa kawo maganar rufin ɗakinta. Baba ya tashi ya karanta dokar da ka, maganar ta mutu. Alhaji ya je ya gyara da aljihunsa. Ban taɓa jin ya riƙe abin a ransa ba, amma kowa ya tuna.

A wata bazara, wani mai keke ya tare ni a bakin masallaci. Shi ma ɗan ƙungiya ne, magidanci mai 'ya'ya, kuma jika ne ga ƙanin Baba. Wasan jika da kaka ya yi ƙarfi a tsakaninsu har mutane sun fi ɗaukarsu abokan faɗa. Matar Baba kuwa amaryarsa yake kiranta, kullum yana barazanar zai ɗauke ta a keke ya bar tsoho da tukunya.

Ran nan ba dariya a fuskarsa.

"Malam, zo ka ga ɗakin amaryata," ya ce.

Muka je. Ɗakin ginin ƙasa ne mai rufin kwano, bayansa yana kallon wani lungu da ruwa yake bi idan an yi sama. Ruwan shekaru ya ci gindin bangon baya. Daga kusurwa bangon ya tsage har sama, tsagar da hannuna ya shige. Daga ciki an rataya tabarma a kai. Gadon tsofaffin biyu yana jingine da wannan bangon, domin ɗakin bai da faɗin da za a juya shi.

Inna, matar Baba, tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaishe ta, na tambaye ta tun yaushe.

"Tun bara," ta ce. "Bana ne dai ya buɗe baki. In iska ta taso har ƙasa yake zubo mana."

"Me Baba ya ce?"

"Ya ce shi ya san bango. To ni ma na san shi, da shi nake kwana."

Ɗan Baba namiji ɗaya ne a raye, yana can kudu yana fama da nasa iyali. 'Ya'yansa mata suna gidajen aure, ɗaya a Miri. Aikin kuma ba na yaɓe ba ne. Sai an rushe bangon an tayar da sabo da bulo tun daga tushe. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, a ɗakin ajiyar ƙungiya akwai bulo da siminti da wani bawan Allah ya ba mu don irin wannan aiki, kuma a cikinmu akwai magina biyu da Baba ne ya koya musu sana'a.

Mai keke ya riga ya gwada hanya mai sauƙi. Ya ce wa Baba za mu zo a matsayin maƙwabta kawai, ba da sunan ƙungiya ba.

"Da wane shebur?" Baba ya tambaye shi. "Da wane bulo? Fuskokinku za ku bari a gida? Mutanen unguwa za su ga ƙungiya a ƙofar gidana, kuma gaskiyarsu. Ni da na hana a taɓa ɗakin surukar Alhaji? Tashi ka ba ni wuri, ja'iri."

Gyara dokar ma ba zai yiwu ba. Tsarin mulki ba ya taɓuwa sai a babban taron ƙarshen shekara, damina kuwa tana bakin ƙofa. Saura hanya ɗaya, wato Baba ya fita daga ƙungiya. Babu wanda ya yi ƙarfin halin faɗa masa haka. Mutumin da hannunsa ya daina gini, ƙungiyar nan ce kaɗai wurin da ake jiran ra'ayinsa.

A rumfar Alhaji a Muda Lawal muka haɗu, mu huɗu: shi, ni, mai keke, da wani kafinta mai sanyin magana. Muna zaune a kan buhunan masara, ana ta auna wa mutane hatsi a gefenmu. Kafintan ne ya yi tambayar, kamar yana magana da kansa.

"Wanda aka dakatar, ɗan ƙungiya ne?"

Aka dube ni. Na ce a rubuce, a'a. Har wata ya cika.

Mai keke ya buga cinya. "Shi ke nan! Ku bar ni da tsoho. Wallahi sai ya yi uku."

Na gaya musu matsayina tun a nan. Ba zan kaɗa ƙararrawa a kan tari ko gyaran murya ba. Sai ya katse magana da baki, kowa ya ji. Alhaji ya ce haka ya dace, domin in aka yi masa coge, Baba zai gane, kuma ba zai yafe ba.

Lahadi ta zo. Aka buɗe da addu'a, sakatare ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya, ya ambaci wani lungu da sunan da ba nasa ba. Wannan kuskuren na gaskiya ne, ba shiri. Baba ya gyara masa nan take. Na kaɗa. Ɗaya.

Sai mai keke ya ɗaga hannu, ya ce yana da shawara a kan gyaran katangar maƙabarta. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga kamar mai jawabi a gaban manya.

"Ranka ya daɗe, na yi bincike. Wannan jiƙa bulo da ake yi kafin a ɗora, ɓarnar ruwa ce kawai. Mutanen da ne suka ƙirƙiro don ba su da aikin yi."

"Kai!" in ji Baba. "Wa ya gaya maka wannan shirmen?"

Na kaɗa. Biyu. Ba a taɓa kai biyu da wuri haka ba. Baba ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya naɗe hannu.

Mai keke ya ci gaba. Ya ce tushen katanga taƙi ɗaya ya isa. Ya ce yaɓe da tsakar rana ya fi, don ya bushe da wuri. Ya ce igiyar awo ƙawa ce, ido ya wadatar, musamman idon matashi. Maginan nan biyu sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ni kuwa ina kallon Baba. Leɓensa ya motsa. Ya buɗe baki har na ɗaga ƙararrawa daga kan tebur.

Sai ya tsaya. Ya dubi mai keke, ya dubi Alhaji da ya ƙura wa silin ido, ya dubi hannuna a sama. Ya rufe bakinsa a hankali, ya sa tafin hannu ya dafe shi.

A aikinmu na rediyo ba abin da muke tsoro kamar shiru. Daƙiƙa kaɗan ba murya, sai ka ji kamar gini ya faɗo. Ban taɓa jin shiru mai nauyin na ranar ba. Mai keke ya ƙare ƙaryar da ya tanada, ya shiga ƙirƙirar sabuwa, har ya ce ana iya kwaɓa siminti da ruwan wanki. Baba bai motsa ba. Lokacin mai keke ya cika, dole na tsayar da shi.

Da aka tashi, Baba ya taya mu mayar da bencina kamar kullum. A bakin ƙofa ya ce wa jikansa, "Ruwan wanki ko? Allah ya shirye ka." Ya wuce.

Cikin makon aka yi ruwan farko. Ba mai yawa ba ne, iska ta fi yawa. Washegari mai keke ya gaya mini wani ɓangare na bangon ya zubo ta waje, kuma da safe Inna ta share ƙasa daga kan gado. 'Yarsu ta zo daga Miri da babur za ta tafi da uwarta. Inna ta ƙi. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa barin mai gidanta ya kwana a ɗakin shi kaɗai ba sai in haihuwa ta je, ba kuwa za ta fara don bango ba. In zai tafi Miri, ta bi shi. In zai zauna, tana nan. Shi kuma ya ce ba zai je ya tare a gidan suruki ba.

Ranar Alhamis da hantsi ina shirin fita aiki aka ce ana sallama. Baba ne, da sandarsa. Bai taɓa zuwa gidana ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa, muka yi maganar ruwa da farashin taki. Sannan ya ce:

"Malam mai ƙararrawa, tambaya na zo yi. Ta ilimi ce kawai."

"Bismillah, Baba."

"Wanda aka dakatar, in ya dawo, sabon shiga ne ko yana nan a matsayinsa?"

Na ce yana nan a matsayinsa. Dokar ba ta ce a sake rantsar da shi ba.

"Wurin zamansa fa?"

"Ba wanda zai zauna."

"Za a rubuta cewa an dakatar da shi?"

"Za a rubuta, Baba. Da dalili."

Ya murza kan sandarsa. Na yi zaton wannan ne zai kore shi. Ashe shi yake so.

"Gara haka," ya ce. "Abin da aka yi a ɓoye shi ne cuta. Abin da aka yi a gaban jama'a, aka rubuta, ko wa ya zo ya tambaya a nuna masa, wannan hukunci ne." Ya ɗan tsaya. "Amma abin da kuka yi ran Lahadi wasan yara ne. Ni za a ja da ruwan wanki?"

Ban kare kaina ba. Na ce ya yi haƙuri.

"Ita ce ta ƙi tafiya," ya ce, yana kallon ƙofa. "Da ni kaɗai ne, da mun ga wanda zai riga faɗuwa, ni ko bangon."

Ya miƙe. Na raka shi har bakin titi. Bai ce ga abin da zai yi ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ban gaya wa kowa ya zo ba.

Zama na gaba ya cika fiye da yadda aka saba, domin maganar ta zaga. Hadari yana haɗuwa ta gabas, ajin ya yi duhu-duhu. Baba ya zo da farar riga mai guga da hular da yake sawa ranar Juma'a. Sakatare ya karanta rahotonsa, har da wani ɗan tuntuɓe, Baba bai tanka ba. Mai keke ya dube ni, na kawar da kai.

Alhaji ya fara bayani a kan ranar da za a share maƙabarta. Yana tsakiyar jimla Baba ya ce, da murya a sarari:

"Shugaba, hularka ta karkace."

Na kaɗa. Alhaji ya taɓa hularsa, wadda take zaune daidai, ya ci gaba.

"Har yanzu a karkace take."

Na kaɗa. Wani ya fara dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Baba ya dube ni kamar yadda ya saba, amma bai gyaɗa kai ba, bai naɗe hannu ba.

Alhaji ya daɗe kafin ya ci gaba. Ina jin ya rasa inda ya tsaya. Ya koma farko, ya ce ranar Asabar in Allah ya kai mu, kowa ya zo da fartanyarsa, waɗanda suke da baro kuma...

"Alhaji," in ji Baba. "Ruwa ya ci gindin bangon ɗakina. Iyalina tana kwana a ƙarƙashinsa. Ni kuma ba na iya ɗaga bulo."

Ba wanda bai san wannan ba a ajin. Amma ba wanda ya taɓa jin sa daga bakinsa.

Na kaɗa na uku.

Alhaji ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi sai a babban taro. Ya ce bisa tsarin mulki, an dakatar da Baba wata guda daga yau, kuma sakatare ya rubuta. Baba ya ce ya karɓi hukunci. Ya dafa benci ya tashi, ya ɗauki sandarsa, ya nufi ƙofa.

A bakin ƙofar ya juyo.

"Yanzu ni ba ɗan ƙungiya ba ne, ba ni da bakin magana. Amma a matsayina na mai wucewa, ina ba ku shawara ku duba dokarku da kyau. Wancan ja'irin," ya nuna mai keke da sanda, "jikan ƙanina ne. Jinina ne. Kuma yana zaune a cikinku."

Gaskiya ce, kuma mu huɗun da muka zauna a kan buhunan masara ba wanda ya tuna. Muddin mai keke ɗan ƙungiya ne, ɗakin Baba ɗakin ɗan'uwan ɗan ƙungiya ne.

"La ilaha illallahu," in ji mai keke. "Tsoho, kai ko a kore ka sai ka ja wani?"

"Ni na ce ka zama jikana?"

Mai keke ya juyo wurina. "Malam, shirya ƙararrawarka. Ɗaya, biyu, uku, na katse!"

Na ce masa ba haka ake yi ba. Ba wanda yake magana, don haka ba abin da ya katse. Sai shugaba ya fara.

Alhaji ya ce, "To, jama'a..."

"Ban yarda ba!"

Na kaɗa.

"Ai ban ce komai ba tukuna," in ji Alhaji. "Abin da nake so in ce..."

"Shi ma ban yarda ba!"

Na kaɗa. Yanzu kam ajin ya ɓarke, har maginan nan suna share hawaye.

"Wannan yaro..."

"Ina da 'ya'ya huɗu, ranka ya daɗe!"

Aka dakatar da shi. Ya fita yana cewa shi aka zalunta, a kan bangon da ba shi ya gina ba. Su biyun ba su tafi ba. Suka tsaya a waje jikin taga, kaka da jika, kowa yana ture kafaɗar ɗan'uwansa.

Kafinta ya ɗaga hannu. Ya ce akwai wani dattijo a lungun bayan masallaci, bangon ɗakinsa yana gab da faɗuwa, yana roƙon ƙungiya ta duba. Alhaji ya yi tambayoyin da ake yi wa kowace buƙata.

"Ɗan ƙungiya ne?"

Sakatare ya duba abin da ya rubuta yanzun nan. "A'a, ranka ya daɗe."

"Yana da ɗan'uwa ko suruki a ƙungiya?"

"A yau dai babu."

Aka ɗaga hannu. Aka mayar da sharar maƙabarta mako na gaba, aka sa Asabar ta zama ta bango.

Mun fara tun da sassafe. Aka fitar da gado, aka tokare rufin da katako, aka rushe bangon. Bai yi gardama ba ko kaɗan, turawa ɗaya ya kwanta. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta koma wurin murhu.

An ajiye wa Baba kujera a inuwa. Ya zauna a kai kamar minti ɗaya. Daga nan yana kan maginan, yana cewa tushen bai kai ba, kwaɓin ya yi ruwa, layin nan ya karkace. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, kai fa mai gida ne yau, ba ɗan ƙungiya ba."

"Shi ya sa. Mai gida ba a kaɗa masa ƙararrawa. Sauke bulon nan ka sake."

Ya sauke ya sake.

Inna ta soya masar shinkafa, ta yi miya, ƙamshi ya cika lungun. Sai dai dokarmu ta ce ba ma karɓar komai a gidan da muke aiki sai ruwan sha. Ta san da haka, amma ta ce ita ba za a yi aiki a gidanta tukunya tana kife ba. Mutum biyu ne kaɗai a wurin da dokar ba ta hau kansu ba. Mai keke, wanda ya wuni yana jigilar yashi a matsayin jika, ya zauna kusa da kakansa, suka sa kwano a tsakiya. Yana ci yana ɗaga mana loma.

"Amarya, ƙaro miya. Waɗannan 'yan ƙungiya ne, ruwa ya ishe su."

Sauran masar yaran lungu suka cinye. Mu muka sha ruwan randa, muka ɗora bulo na ƙarshe kafin Magariba. Bayan kwanaki aka yi yaɓe, aka gyara hanyar ruwan lungun don kada ya sake bin gindin bango. Da damina ta kankama, gadon ya koma wurinsa.

Zama biyu muka yi ba Baba. Sun yi sauri, an tashi da wuri, kuma ba wanda ya ji daɗinsu. Sakatare ya yi kuskure a rahoto, aka wuce, sai daga baya ya gano da kansa. Ba wanda ya zauna a gefen bencin da ke kusa da allo, wurin zaman Baba.

A zaman farko bayan wa'adin ya cika, Baba ya riga kowa zuwa. Da aka zo kan sabbin batutuwa ya ɗaga hannu, aka ba shi izini. Ya gode wa ƙungiya a taƙaice, a madadin wani dattijo na bayan masallaci. Sannan ya ce yana da ƙuduri da yake so a kai babban taro: a gyara tsarin mulki, a rubuta cewa wanda aka dakatar, ta fuskar dokar aiki, ɗan ƙungiya ne, shi da danginsa.

"Akwai rami a dokar nan," ya ce. "Na san shi, don ta cikinsa na bi. In ba a toshe ba, gobe kowa zai zo ya ce hular shugaba ta karkace."

A ƙa'idarmu ƙuduri ba ya tafiya sai wani ya mara masa baya. Alhaji ya tambaya ko akwai mai marawa. Kafinta ya shiga duba farcensa. Maginan suka kalli taga. Mai keke ya ce shi sabon dawowa ne, bai gama gane inda aka dosa ba. Alhaji ya sake tambaya, ya jira daidai gwargwado, sannan ya ce ƙudurin ya faɗi.

Baba ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi a rubuta cewa ya kawo, kuma ba a samu mai marawa ba. Aka rubuta.

Tun daga lokacin, duk shekara kafin babban taro sai ya sake kawo shi, da kalmomi iri ɗaya, kuma duk shekara ajin yakan yi shiru. Ba kuma wanda ya sake bi ta ramin. Bana da zai kawo, ƙafa ta hana shi tsayuwa, shugaba ya ba shi izini ya yi magana a zaune.